Aikin ɗan sanda, kwana-kwana da sauran ayyukan ɗamara: abin da mai digiri haifaffen Kudu ya kamata ya sani kafin a buɗe shafin ɗaukar aiki

Da zarar an ce gwamnati za ta ɗauki 'yan sanda, kafin la'asar saƙon ya zagaye zaurukan WhatsApp na Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan, Ama Hausa ta Owerri har zuwa Fatakwal. Iyaye su yi ta tura wa 'ya'yansu da suka gama bautar ƙasa, waɗanda yanzu ke tsaron shago ko riƙe wa baba lissafi a Mile 12. Tambayoyin da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ne. Mai digiri zai iya shiga? Da wane muƙami zai fara? Wanda aka haifa a Legas, a matsayin ɗan Legas zai nema ko ɗan Katsina? Abubuwa uku ne ke yanke hukunci a kan mafi yawan yaranmu tun kafin a kai ga jarrabawa: matakin da aka yi talla a kai, shekarun haihuwa, da takardar asali.

Ƙofofin shiga aikin ɗan sanda

Ba ƙofa ɗaya ake bi ba. Ta ƙasa ita ce ta kurtu, wato konstabul, wadda ake nema da sakamakon sakandare: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Ita ce ake yawan buɗewa, kuma duk lokacin da ka ji an ambaci manyan lambobi, dubu 10 ko dubu 50 ɗin da aka yi shela a ƙarshen 2025, to maganar kurata ake yi.

Ƙofa ta biyu ita ce Makarantar Horar da Hafsoshin 'Yan Sanda ta Wudil a jihar Kano. An kafa ta a 1988, aka ɗaga darajarta ta koma mai ba da digiri a 2012. Ana shiga ne ta jarrabawar JAMB, a yi shekara biyar, a fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa, muƙamin ASP. Sai dai 'yan shekara 17 zuwa 22 take ɗauka, don haka ga wanda ya riga ya gama jami'a wannan ƙofa ta wuce shi. Ƙaninsa da ke aji shida na sakandare ya kamata a nuna wa ita.

Ta uku ce ta masu digiri: a ɗauke ka a matsayin ASP mai neman sanin makamar aiki, a ba ka horo, ka fito hafsa. Matsalarta ba a cika buɗe ta ba. A babban ɗaukar da aka yi a 2016 na mutum dubu 10, gurbin ASP 500 ne kacal, na ƙananan sufetoci 500, na ƙwararru 1,500, sauran 7,500 duk kurata, alhali masu neman sun haura dubu 900. Tun da Wudil ta fara yaye ɗalibanta, ita ke cike mafi yawan guraben sabbin hafsoshi. Inda mai digiri ya fi samun sarari shi ne ɓangaren ƙwararru, idan rundunar na neman likitoci, ma'aikatan jinya, injiniyoyi ko masana kwamfuta.

Nan ne da yawa ke yanke shawarar su ajiye digirin a akwati su shiga da takardar sakandare, da tunanin in an shiga sai a fito da ita a gyara muƙami. A yi hattara. Matakin da ka nema da shi za a ɗauke ka, da shi za a biya ka, kuma gabatar da digiri daga baya ba ya mayar da kurtu hafsa kai tsaye. Daga kurtu sai kofur, sai saje, sai sufeto, kafin a kai ga ASP, tafiya ce ta shekaru masu yawa. Wanda ya zaɓi haka da idonsa a buɗe, saboda gida na buƙatar albashi yanzu, ba wanda zai ga laifinsa. Amma kada wani ya ruɗe shi da cewa wata shida ne za a sa masa anini.

Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, PSC, ita ke da alhakin ɗauka, ƙarin girma da ladabtarwa, in ban da kujerar Sufeto Janar. An daɗe ana ja-in-ja tsakaninta da hedikwatar rundunar kan wa ke da ikon ɗaukar kurata, har Kotun Ƙoli ta tabbatar wa hukumar da ikon a Yulin 2023. Amfanin sanin wannan shi ne: tallar da ba ta fito daga bakin PSC ko kakakin rundunar ba, a ɗauke ta jita-jita.

Takardar asali, inda aka fi faɗuwa

Wannan ita ce maganar da ta fi shafar mu mazauna Kurmi, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a raba muƙaman gwamnatin tarayya ta yadda kowane yanki zai samu wakilci, kuma akwai hukuma ta musamman da ke sa ido a kai, wato Hukumar Raba Daidai. Saboda haka guraben ɗaukar aikin ɗamara ana raba su ne jiha-jiha, a wasu lokuta har ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, cikin 774 da ake da su. Abin da ake dubawa kuwa asali ne, ba wurin haihuwa ko wurin zama ba. A ƙa'idar hukumar, ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda iyayensa ko kakanninsa 'yan can ne, ko wanda ita ƙaramar hukumar ta amince da shi a matsayin nata. Ba a yarda mutum ya riƙe biyu ba. Mace ko ta yi aure, asalinta na gidansu take ci gaba da amfani da shi.

To ka ɗauki yaron da aka haifa a Sabon Ibadan, unguwar da aka kafa tun 1916. Nan aka haifi babansa, wataƙila har kakansa. Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, Arewa kuwa sai dai in biki ko rasuwa ta kai shi. Ranar da zai cike fom, akwatin jihar asali na jiran amsa. Idan ya rubuta Oyo, sai ya kawo takardar ƙaramar hukumar da ta yarda shi nata ne, abin da ba kowa ke samu ba. Idan ya rubuta Kano, sai ya je garin kakansa, mai unguwa da dagaci da hakimi su shaida shi, sannan sakatariyar ƙaramar hukuma ta ba shi takarda. In gidan ya daɗe da yanke zumunci da garin, a nan ake tsayawa cirko-cirko: can a ce ba a san shi ba, nan a ce baƙo ne.

Abin da ya fi dacewa shi ne a yi wannan tafiya tun yaro yana jami'a, lokacin da dattawan da suka san gidan suke da rai, ba sai an buɗe shafi saura mako uku a rufe ba. Uba ko baffa ya raka shi, a gaisa da dangi, a karɓo takardar da hoto da hatimi, a adana. Takarda ɗaya ce za ta yi masa amfani a wurin 'yan sanda, soja, kwastan da duk wani aikin tarayya har ya yi ritaya.

Sannan a sani, tantancewar ido-da-ido ta 'yan sanda bisa al'ada a hedikwatar rundunar jihar da ka ce ita ce asalinka ake yin ta. Wanda ke zaune a Anacha ya rubuta Sakkwato, to ya tanadi kuɗin mota da wurin kwana. Kuma gasar can ta fi zafi. PSC ta sha kokawa cewa matasan Kudu maso Gabas da na Legas ba sa fitowa neman aikin, yayin da jihohi irin su Kaduna ke tara masu nema dubbai. Abin takaicin kenan: gurbi na zaune babu mai nema a jihar da aka haife ka, kai kuma kana layi a jihar da ba ka taɓa yin wata uku a cikinta ba. Duk da haka, kada wannan ya sa a sayi takardar bogi daga hannun dillalai. In aka gano, ko bayan shekara goma ne, kora ce, wani lokaci har da kotu.

Shekaru, tsayi da sauran sharuɗɗa

Tallar kurata ta saba neman 'yan shekara 18 zuwa 25, ƙwararru kuma zuwa 28. A ɗaukar 2016, masu neman ASP an nemi su kasance tsakanin 23 da 28. Ka lissafa yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022, kowanne ya ci wata takwas ko fiye, ka ƙara shekarar bautar ƙasa, za ka ga tazarar da ta rage wa mai digiri ba ta da yawa. Shi ya sa jiran "sai an buɗe na hafsoshin 'yan sanda" kaɗai kan iya cinye damar mutum a sauran hukumomi.

Namiji ana so tsayinsa ya kai mita 1.67, faɗin ƙirji santimita 86 in ya shaƙi iska, mace kuma mita 1.64. Ana cire mai gwame ko lanƙwasar ƙafa, mai in'ina mai tsanani, mai matsalar gani, mai zanen tatu, da wanda kotu ta taɓa samu da laifi. Akwai jarrabawar kwamfuta da JAMB ke shiryawa, akwai gwajin lafiya da na ƙwaya. Yaron da ke ɗan taɓa abin maye "don ƙarfin aiki" ya san da wannan.

Takardun da ake nema ba baƙi ba ne: lambar NIN, takardar haihuwa, sakamakon makarantu, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa ga mai digiri, da fom ɗin mai tsaya wa mutum, wanda ake so basarake, majistare, shugaban ƙaramar hukuma, babban ma'aikacin gwamnati ko babban jami'in ɗan sanda ya sa wa hannu. Abin da ke kayar da yaranmu a nan ƙaramin abu ne: suna. A firamare malami Bayerabe ya rubuta Abdulahi, a WAEC ya zama Abdullahi, a NIN an ƙara sunan gari a ƙarshe, ranar haihuwa kuma ta bambanta a wuri biyu. Kwamfuta ba ta san "ai duk shi ne" ba. Gyara a ofishin NIMC na ɗaukar lokaci da kuɗi, gara a fara yau.

Hukumomin da suka fi buɗe wa mai digiri ƙofa

In gaskiya za a faɗa, mai digiri ya fi samun hanya a hukumomi huɗu da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida: Sibil Difens, Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, Shige da Fice, da Gidajen Gyaran Hali. Hukumar gudanarwa ɗaya ce ke ɗaukar musu ma'aikata, CDCFIB, kuma tallarta takan ware matakin masu digiri daban, a fara da mataimakin sufurtanda a mataki na 8. Sharaɗin tsayi ya fi sauƙi, mita 1.65 ga maza, 1.60 ga mata, iyakar shekaru ma ta fi ta 'yan sanda faɗi. A ɗaukar 2025 an yi maganar gurbi dubu 30, masu nema suka haura miliyan ɗaya da rabi. Hukuma ɗaya ake zaɓa cikin huɗun, wanda ya cike sau biyu ya kori kansa.

Sibil Difens a Legas aka haife ta, a 1967 lokacin yaƙin basasa, don wayar da kan jama'a yadda za su kare kansu daga harin sama. Doka ta ba ta cikakken matsayi a 2003, gyaran 2007 ya ba ta damar riƙe makami. Aikinta a Kudu ya fi karkata ga tsaron bututun mai da kadarorin gwamnati, da sa ido kan kamfanonin gadi masu zaman kansu.

Kwana-kwana kuwa mutane na raina ta, ni kuma ina ganin ita ce wadda mai digirin injiniya, kimiyyar sinadarai ko zanen gini ya kamata ya fara dubawa. Aikin hafsa a can ya wuce riƙe tiyo: akwai duba gine-gine da kasuwanni kafin a ba su takardar kariya daga gobara, akwai binciken musabbabin wuta, akwai ceto. Duk wanda ya ga yadda wuta ke cin kasuwar Balogun, ko ya tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe sama da mutum 40, ya san ƙasar nan na da ƙarancin masu wannan ilimi. Kuma ilimi ne da ake saye a waje: kamfanonin mai, tashoshin jiragen ruwa da manyan masana'antu duk suna ɗaukar jami'an kariya.

Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ita ke ɗaukar ma'aikatanta da kanta. Mai digiri na shiga sahun hafsoshi da muƙamin ARC, kuma makarantar horar da hafsoshinta na Udi a jihar Inugu. Su ne kan fara isa wurin haɗari a manyan hanyoyi irin Legas zuwa Ibadan ko Binin zuwa Ore, hanyoyin da direbobinmu na tirela da masu dakon shanu da tumatir ke bi dare da rana. NEMA kuma, mai kula da agajin gaggawa tun 1999, ƙaramar hukuma ce in aka kwatanta, ba ta cika yin babban ɗauka ba.

Jihohi ma na da nasu. Legas na da LASEMA, LASTMA, hukumar kashe gobara ta jiha da motocin ɗaukar marasa lafiya na LASAMBUS, waɗanda ake kira ta 767 ko 112. Gwamnatin jiha ce ke ɗauka da sharuɗɗanta, kuma katin zama na LASRRA abu ne da ya kamata duk mazaunin Legas ya mallaka ko ba don aiki ba. Wanda ya karanta jinya ko kiwon lafiya ya sa ido a ɓangaren motocin asibiti, domin tsarin agajin gaggawa na lafiya na tarayya, NEMSAS, na faɗaɗa zuwa jihohi.

Kuɗi, fansho da haɗari

Ba wanda ke shiga wannan aiki ya yi arziki ta hanyar halal cikin sauri. Abin da ake samu shi ne albashi duk wata, damar rance da ƙungiyar adashen ma'aikata, da matakala bayyananniya: ASP, DSP, SP, CSP, sannan mataimakan kwamishina, kwamishina, AIG, DIG. Ana ritaya a shekara 60 na haihuwa ko 35 na aiki, duk wanda ya riga zuwa. 'Yan sanda na cikin tsarin fanshon karo-karo, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 na albashinsa gwamnati ta zuba kashi 10, saɓanin sojoji da DSS da aka cire. Tsofaffin 'yan sanda sun fito zanga-zanga a Yulin 2025 suna neman a fitar da su saboda ƙanƙantar abin da suke karɓa. Wanda zai shiga ya ji wannan daga bakinsu tun yanzu.

Haɗari kuma gaskiya ne, musamman a nan Kudu. Bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, Sufeto Janar na lokacin ya ce an kashe 'yan sanda 22 an lalata ofisoshi 205. A Afrilun 2021 'yan bindiga sun far wa hedikwatar 'yan sandan Imo da gidan yarin Owerri, fursunoni sama da 1,800 suka tsere. Sannan ba kai ke zaɓen inda za a tura ka ba. Haifaffen Agege na iya tsintar kansa a Zamfara ko Ebonyi.

Akwai kuma abin da iyaye suka fi tambaya a ɓoye: cin hanci. Malamai da yawa a masallatanmu na ƙyamar aikin saboda na-goro a shingen hanya, kuma ba ƙarya suka yi ba, mu da ke bin hanya mun fi kowa sani. Sai dai hafsa na da ɗan sarari da kurtun da aka tsayar a titi ba shi da shi. Akwai sassan bincike, laifukan intanet, shari'a, lafiya, koyarwa da sadarwa, inda mai ilimi zai iya neman a kai shi.

Abin da haifaffen Kudu ya fi wasu

Yaron da ya tashi a Sabo ko Agege yana jin Hausa, Yarabanci ko Ibo, Turanci da Burokin. A ofishin 'yan sanda wannan ba ƙaramin jari ba ne. Sau nawa ɗan acaɓa ko mai facin takalmi ke kwana a caji ofis don kawai ya kasa bayyana kansa, har sai Sarkin Hausawa ya aiko wakili? Rikicin Mile 12 na Maris 2016, na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, da kisan matafiya 16 a Uromi a Maris 2025, duk sun nuna abin da ke faruwa in zargi ya riga bayani isa. Jami'in da ke jin harshen kowane ɓangare, ya san Baale ya san Sarki, yakan kashe wuta tun tana hayaƙi.

Kuma aikin ba baƙonmu ba ne a nan. Rundunar da Turawa suka kafa a Legas a shekarun 1860, zamanin John Glover, da sunan Hausawa aka san ta, kuma a 1879 aka yi mata tsari da sunan rundunar 'yan sandan Hausa. Daga irin waɗannan rundunoni ne aka haɗa ta ƙasa baki ɗaya a 1930.

Mata ma hanya ta ɗan ƙara buɗewa. Tun Maris 2022 rundunar ta amince mace ta sa ɗankwali a ƙarƙashin hularta, kuma a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke tsohuwar ƙa'idar korar 'yar sandar da ta yi ciki ba aure. Sharaɗin da ke nan shi ne kada mace ta kasance da juna biyu lokacin ɗauka da horo.

'Yan damfara

Cike fom kyauta ne a duk waɗannan hukumomi. Ranar 15 ga Maris 2014, dubban ɗaruruwan matasa da aka karɓi naira 1,000 daga kowannensu suka cika filayen wasa don jarrabawar Shige da Fice, turmutsitsi ya kashe aƙalla mutum 15 a Abuja, Fatakwal, Minna da Binin. Yanzu ta intanet ake cike fom, 'yan damfara su ma sun bi can. Salonsu sananne ne: shafin Facebook mai hoton babban jami'i, "gurbin maye gurbi", "kason Sanata", a turo dubu ɗari uku zuwa asusun wani mutum. Adireshin shafin gwamnati na ƙarewa ne da gov.ng, kuma gayyatar tantancewa na zuwa ne ta lambar waya da imel ɗin da ka saka. Don haka in a shagon intanet za a cike maka, ka tsaya a kai, ka tabbatar lambarka ce da imel ɗinka aka rubuta ba na mai shagon ba, ka karanta kowane layi kafin a tura, sannan ka karɓi takardar shaida da aka buga ka yi mata kwafi biyu.